Koren Zare Mai Ƙulli Uku

Ya 'yan uwa, ku ba ni kunnenku.

An yi wani mutum a nan cikin tsohon garin Fas. An yi, na ce, amma yana nan da ransa, kuna wuce shi duk ranar da za ku gidan wanka. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ba don shi ba, don uwarsa, wadda ta yi zamanta a duniya ba ta cuci kowa ba.

Sana'arsa kwashe gidajen matattu. In tsoho ko tsohuwa ta rasu a ɗaya daga manyan gidajen nan na da, 'ya'ya kuwa sun watse, wannan yana Kasablanka, wancan yana Faransa, shi ne za ku gani ya zo gaisuwa da farar jallabiya. Zai zauna, a zuba masa shayi, ya ce Allah ya jiƙan rai. Baki yana addu'a, ido yana bin rufin ɗaki. Kafin shayin ya huce ya san wace ƙofa ce ta haura shekara ɗari biyu, wane faranti ne tagulla ta gaske, wace darduma ce saƙar hannu.

Cinikinsa iri ɗaya ne, ba ya canzawa. Ba ya sayen abu ɗai-ɗai. Zai ce wa magada: "Ku ɗauki abin da ranku yake so yau. Gobe ku ba ni makulli. Duk abin da ke bayan ƙofa nawa ne, kuma ba mai shiga sai na gama." Magada suna son haka. Jirgi yana jiransu, aiki yana jiransu. Wa zai zauna tsintar tarkacen kakarsa?

In ya shiga, kashi uku yake yi a tsakar gida. Katako da tagulla da darduma su tafi shago, inda masu masaukin Turawa suke zuwa saye. Ƙarfe ya tafi wurin masu awo. Takarda da tsumma a cusa a buhu, a ɗora wa alfadari, a kai wa Ba Allal mai hura wutar gidan wanka ya jefa a tanderu. Amma tsumma ba ya tafiya sai ya kwance kowane ƙunshi ya kakkaɓe da hannunsa, don ya san tsofaffi suna ɓoye zinariya a cikin zane.

Ya fi shekara ashirin yana wannan. Da farko in ya ga takalmin mamaci a bakin gado yakan kau da kai. Daga baya ya daina. Hoton aure, wasiƙa, haƙoran roba a cikin kofi, gashin jariri a naɗe cikin takarda, duk ɗaya ne a wurinsa. Ba irin mugun nan ba ne mai jin daɗin mugunta. Ba ya jin komai ne kawai. Yana cin abinci bai san ɗanɗanonsa ba, yana salla bai san raka'a ta nawa yake ba. Ku gaya mini, tsakanin mugu da wanda zuciyarsa ta mutu a tsaye, wa ya fi ban tsoro?

To, a lungun masu rini akwai wata tsohuwa, Lalla Zuhur. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, ita kaɗai a gida mai hawa biyu. A ɗakinta na sama akwai akwati na katako mai ƙamshi, irin wanda asu ba ya kusanta, an yi masa zanen furanni tun zamanin kakarta. Kowace mace a unguwar ta san abin da ke ciki. Maza ne ba su sani ba, don ba su taɓa tambaya ba.

Likkafani ne. Goma sha ɗaya.

Kun san yadda mata suke yi. Mace ta je Makka sau ɗaya tak a rayuwarta. Ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya a ranar can, ta naɗo abinta ta dawo. Ina za ta ajiye? 'Ya'yan yanzu ba sa son ganinsa a gida, sai su ce, Inna, kina kira mana mutuwa. Ɗakunan ƙasa kuma danshi ne. Wata ma surukarta ce ta yanka nata ta ɗinka rigar matashin kai. Shi ya sa ake kai wa mai akwati. Ba a rubuta suna, wa ta iya rubutu a cikinsu? Kowace tana ɗaure nata da zare, launinta daban, ƙullinta daban. Daga ita sai mai akwati suka san mai shi. In mai akwati ta rasu, ranar arba'in mata su ɗauke shi su kai gidan wadda ta ambata. Haka ake yi tun ba a haifi uban mutumin nan ba.

Lalla Zuhur ta ambaci Mbarka, mai wankan gawa ta unguwar. Shekara talatin Mbarka ta yi tana wanki a gidajen mutane kafin ƙafarta ta taka Makka. Nata yana cikin akwatin. Shuɗin zare, ƙulli biyu.

Lalla Zuhur ta rasu ran Talata. Magajinta ɗan ƙaninta ne, Si Tahami, ma'aikaci a Kasablanka, wanda rabonsa da lungun ya kai shekara goma. Mutumin namu ya ji wani dillali yana zagaya gidan, sai bai jira arba'in ba, bai jira bakwai ba. Ran sadakar uku, mata suna tsakar gida suna raba kuskus, ya ja Si Tahami zaure. Washegari makulli yana aljihunsa, Si Tahami yana cikin jirgin ƙasa.

Da hantsi Mbarka ta hango alfadarai a ƙofar gidan. Ta zo tana haki, takalmi ƙafa ɗaya ya juye. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa, ya tokare hannu.

"Lafiya, Hajiya?"

"Akwatin da ke ɗakin sama. Ba nata ba ne. Na ajiya ne."

"Duk gidan da na shiga haka ake ce mini. Jiya wata ta ce turmi nata ne, an ara tun zamanin Faransawa."

"Ɗana, likkafanin mutane ne a ciki. Riƙe akwatin, ka sayar, ka ci. Ba ni zannuwan kawai."

"Hajiya, da wannan murya taki? Ke da likkafani sai nan da shekara ashirin."

'Yan dako suka yi dariya.

Ta ce: "Ka ji tsoron Allah."

Ya ce: "Ina ji. Na saya a gaban shaidu, duk abin da ke bayan ƙofa. In na ba ki allura yau, gobe lungun nan kaf zai zo da kwando. Ki nemi Si Tahami."

"Yana ina?"

"Kasablanka."

Ya rufe ƙofa.

Ya 'yan uwa, an gaya masa. Ku riƙe wannan da kyau, don kada gobe wani ya ce bawan Allah bai sani ba. An gaya masa da rana tsaka, a gaban mutane.

Mbarka ta zauna a kan dakalin ƙofa. Shi kuwa ya hau sama ya buɗe akwatin. Ƙamshin katako ya cika ɗakin. A ransa ya ce, duk abin da tsohuwa ta yi wa gudu irin wannan, akwai zinariya a ciki. Ya zaro wuƙa. Ya yanke zare, ya kakkaɓe, ya jefa ƙasa. Ya yanke, ya kakkaɓe, ya jefa. Sau goma sha ɗaya. Ba zinariya. Farin yadi ne marar ado, ya yi ja-ja don daɗewa, wanda ba Baturen da zai saya. Ya leƙa tsakar gida ya ce a cusa su a buhu tare da takardu.

Makullin akwatin ƙarami ne, ya ji tsoron kada ya ɓata a hanya. Ya duƙa ya tsinci wani koren zare a cikin waɗanda ya yanke, ya ɗaure makullin a jikin mariƙi.

Da azahar aka buɗe ƙofa, alfadarin farko ya fito da buhuna. Mbarka ta tambayi mai jansa: "Me ke ciki?"

Ya ce: "Shara ce, Hajiya. Ɗan matsa."

Ta tashi ta ba alfadarin hanya.

Bayan la'asar lokacin mata ne a gidan wanka. Ranar, matan lungun masu rini sun yi wanka da ruwan da aka dafa da likkafaninsu. Ba su sani ba sai bayan kwana biyu, da ɗaya daga 'yan dakon ya faɗa wa matarsa.

Ba wadda ta yi kuka a titi. Sun je wurin mai unguwa, ya ce ciniki ya ƙullu, ba hannunsa. Sun sa an buga wa Si Tahami waya, ya ce yana cikin taro. Aka sake bugawa, bai ɗauka ba. Suka koma gida suka ci gaba da tankaɗe da wanke-wanke. Kafin shekara ta zagayo biyu daga cikinsu sun rasu. Mbarka ce ta wanke su, ita ta naɗe su a yadin kasuwa. Malamai sun ce yadin kasuwa ya halatta, kuma gaskiyarsu. Amma ba shi suka ajiye ba.

Mutumin namu bai sake tuna ranar ba. Akwatin ya sayu cikin mako guda.

Yana da uwa. Tana sabon gari wurin ƙanwarsa Batul, ƙafafu sun daina ɗaukarta, shekara biyu ba ta sauka daga gado ba. Shi ya kai ta Makka shekara goma da suka wuce, kuma ba wanda bai ji wannan daga bakinsa ba a kasuwa. Da ta dawo, lokacin tana zaune a gidansa, ya ga wani farin ƙunshi a kan gadonta, ya ce: "Inna, fitar mini da wannan abu daga gida." Ta ce to. Bai tambayi inda ta kai ba.

Wata safiya Batul ta aiko ya zo. Ya tarar tsohuwar ta rame, an jingine ta da matashi. Ya durƙusa ya sumbaci hannunta.

Ta ce: "Ɗana, tafiya ta matso. Ka je lungun masu rini. Na ji Zuhur ta riga mu, akwatin yana wurin Mbarka ke nan. Ka ce mata koren zare, ƙulli uku. Ina so in gan shi kusa da ni."

Ya ce: "To, Inna."

Ya sauko daga benen. Bai ji faɗuwar gaba ba, bai ji jiri ba. Ya ga rana ta fito, ya ga mai lemo yana jera lemo. Ƙafafunsa suka kai shi lungun masu rini, alhali ya san abin da zai tarar.

Mbarka ta buɗe ƙofa, hannunta da ƙullun burodi. Ta dube shi.

"Ba wanda ya mutu a gidan nan tukuna. Ka yi sammako."

"Hajiya, uwata ce ta aiko ni."

"Wurina? Da me?"

"Ta ce koren zare, ƙulli uku."

 Mbarka ta goge hannu a jikin zaninta.

"Ashe nata ne. Shekara tara ina ganinsa a ƙasan akwatin in mun fito da su shan iska. Akwai tabon tsatsa a gefe ɗaya, na igiyar da aka shanya shi." Ta kama ƙofar. "Kai ka shiga, kai ka rufe, kai ka fito. Me kake nema a wurina?"

Daga nan ya gangara bayan gidan wanka. Ba Allal yana zaune a bakin tanderu, fuska duk toka.

"Buhunan gidan Lalla Zuhur? Haba, maigida, sharar bara kake tambaya? Ni buhu nake jefawa, ba na buɗewa. Kai ne mai buɗewa."

Sai ya tuna makullin. Ya tafi masaukin da ya sayi akwatin. Yana nan a tsakar gida, an ɗora masa gilashi, an ajiye tokar sigari da kofunan gahawa a kai. Wasu baƙi biyu sun miƙe ƙafa a gefensa. Makullin yana rataye a jikin mariƙi, da koren zare. Ƙulli ukun suna nan, don a gefensu wuƙar ta bi.

Mai kula da masaukin ya taso yana murmushi. "Maigida da kansa! An samo mana wata ƙofar ne?"

"Zaren nan nake so."

"Zare? Ɗauka mana. Yadda ka tsaya a kansa na zaci zinariya ka manta."

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa ta biyu. Me zai hana ya koma ya faɗi a ƙafar uwarsa, ya ce Inna, na ƙone shi da hannuna, ki yafe mini? Uwa ce. Wace uwa ce ba ta yafe abin da ya fi wannan ba? Amma shekara ashirin yana goge sabon faranti da toka yana ce wa Bature na kakan sarki ne. Hannu ya saba. Ya shiga kasuwar yadi, ya sayi fari mafi kyau, ya murtsuke shi, ya ɗan jiƙa shi da ruwan shayi, ya shanya a kan soron shago. Ya naɗe, ya ɗaure da koren zaren.

Da la'asar ya kai mata. Batul tana tsaye a bakin gado.

Tsohuwar ta ga zaren, fuskarta ta saki. Ta shafa ƙullin da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ta ce: "Alhamdu lillahi." Sai ta ɗaga ƙunshin ta kai hanci.

Ta daɗe a haka.

Yadin da ya kwana shekara tara a akwatin Lalla Zuhur, ko makaho ya san ƙamshinsa. Ta kwance gefe ɗaya, ta juya, ta sake juyawa tana neman tabon tsatsa. Ta ajiye shi a kan bargo.

Ta ce: "Zaren nawa ne."

Ta ɗago kai ta dubi 'yarta.

Ta ce: "Batul, me ya sami akwatin Zuhur?"

Batul ta san labarin, duk garin ya sani, tsohuwar kaɗai aka ɓoye wa. Ta dubi yayanta, ta dubi ƙasa, ta faɗa.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Mayar masa da kayansa. Kada ya taɓa jikina." Ta juya fuska bango.

Kwana tara ta yi bayan wannan. Kullum yana zuwa, ya durƙusa, ya kama hannunta, ta bar masa hannun kamar na wani. Ba ta tsine masa ba. Ku ji da kyau, ba ta tsine masa ba. Amma kalmar nan da kowane ɗa yake jira a bakin uwarsa, Allah ya yi maka albarka, na yarda da kai, ba ta fito ba. Ta yi wa Batul, ta yi wa jikoki, ta yi wa mai kawo mata allura. Ran na tara da safe ta cika.

Mbarka aka kira wanka. Matan lungun masu rini, waɗanda ya ƙone nasu, su suka haɗa kuɗi aka sayo yadi. A cikinsa aka naɗe uwarsa. Yana tsaye a waje yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe.

Bayan arba'in ya koma aiki. 'Yan dako uku suka ce alfadaransu ba lafiya. Ya samo wasu daga wata unguwa, ya karɓi makullin wani gida, ya shiga. Ya ɗauki ƙunshin farko, ya zaro wuƙa, hannun ya tsaya. Ya fito lungu da ƙunshin yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Na waye wannan? Ya koma ya ɗauko buta. Ta waye wannan? Har magariba bai fitar da kujera ɗaya ba. Gida na biyu haka, na uku haka. Magada suka karɓe makullansu suka ba wasu. Ya daina buɗe shago. Matarsa ta gaji da magana da bango, ta kwashe 'ya'ya ta koma Meknas wurin danginta.

Ran da mai ginin ya ce a fitar da kayan shagon, dillalin nan ne ya zo, wanda mutumin namu ya riga shiga gidan Lalla Zuhur. Ya dafa kafaɗarsa, ya ce: "Ka san tsarin, ɗan'uwa. Duk abin da ke bayan ƙofa." Mutumin ya miƙa makulli. Ya zauna a dakalin da ke fuskantar shagon, yana kallo ana yin kashi uku. Da alfadari ya zo wucewa, ya janye ƙafa ya ba shi hanya.

Yanzu a bayan gidan wanka yake wuni, kusa da tanderun Ba Allal. Ba ya roƙo, ba ya magana. In an kawo buhu sai ya bi shi da ido har ya shiga wuta. Akwai koren zare a wuyan hannunsa.

Ya 'yan uwa, ba sata ce ta kashe mutumin nan ba. Ya saya, da shaidu, alƙali ma ba zai kama shi ba. Amana aka ambata masa ya rufe ƙofa. Tsohuwa ta ce ka ji tsoron Allah, ya mai da ita abin dariyar 'yan dako. Ya ɗauka abin da ba shi da farashi ba shi da mai shi. Kuna tsammani shi kaɗai ne? Wanda ya miƙa makulli don jirgi yana jiransa fa? Wanda ya ce ciniki ya ƙullu, ba hannunsa fa? Ku da kuke cewa uwayenku su fitar muku da farin ƙunshi daga gida, ina kuke so su kai?

Kada wani ya ce ai Allah ya riga ya saka musu, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Shi ya sami nasa, mata ba su sami nasu ba. A cikin goma sha ɗayan nan biyar suna ƙasa. Shida suna da rai, kuma ba wadda ƙafarta za ta sake kai ta Makka. Mbarka ta haura saba'in, tana wanke gawar mutane, ba ta da abin da za a naɗe ta.

Ga abin da ake nema, kuma ba roƙo ba ne. Si Tahami ya hau jirgin da ya kai shi, ya dawo, ya tsaya a lungun masu rini da rana, ya nemi gafarar matan nan ɗaya bayan ɗaya. A cire gilashi da tokar sigari daga kan akwatin, a mai da shi inda Lalla Zuhur ta ce a kai shi. Ku kuma masu tafiya aikin hajji bana, da kuke cika jaka da turare da agogo, yadi shida ba zai karya muku kafaɗa ba. Ku tsoma a zamzam, ku shanya a can, ku kawo. Zare yana nan, kowace ta san launinta.

Har sai an yi haka, ba a yafe ba.

Allah ya jiƙan Lalla Zuhur da matan da suka tafi a yadin da ba nasu ba. Allah kada ya bar zukatanmu su mutu mu muna yawo. Allah kada ya sa uwayenmu su juya mana fuska bango. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye abin da aka ba mu ajiya. Amin.